Munduwar Jan Ƙarfe

Baba yana da wani gwangwanin madara da ko Inna ba ta isa ta taɓa ba. Tsofaffin kwabban jan ƙarfe ne a ciki, na ƙananan sarakunan Indiya. Na farkon, kakanmu ne ya zo da su daga yaƙin Bama, sauran kuwa Baba ya yi ta karɓa a hannun malaman Indiya da suka koyar tare a sakandare, yana ba su anini mai huji. Da la'asar yakan baje su a tabarma ya nuna mini: wannan rana ce mai fuskar mutum, wannan wuƙa, wannan giwa. Ya hana a goge su, wai baƙin nan shi ne shekarunsu. Ni dai a lokacin gani nake wahalar banza ce.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma ta tafi. Ina Abuja wajen aiki Gwaggo, ƙanwarsa, ta zo jinya daga Agwada. A wajenta jan ƙarfe maganin mataccen hannu ne, kuma tsoho ya fi ƙarfi. Ta kwashe kwabban daga gwangwanin ta kai wa maƙeri a unguwar Liman Abaji.

Ranar Asabar na dawo Keffi na tarar da munduwa tana sheƙi a hannunsa na dama.

"Gwaggo, ina kika samo wannan?"

"Kwabban Yaya ne mana. Suna ajiye ba sa tsinana komai, ga mai su a kwance. Ai ka ga har shafa ta yake."

Na duba. Ba shafawa yake ba. Da hannun hagu yake turata, tana maƙalewa a ƙashin wuyan hannu, ya huta, ya sake. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan yi wa faɗa? Matar da ke juya shi tana wanke shi? Na ce a cire, Inna ta riƙe ni tana kuka, ta ce in bar musu ɗan abin da suke sa rai da shi. Na bari.

Baba ya kafe ni da ido, ya maida kan kabad ɗin da yake ajiye gwangwanin. Na ɗauko gwangwanin na buɗe masa. Babu ko ɗaya. Ya juya fuskarsa bango.

Hannun bai motsa ba har ya rasu. Masu wanka ne suka zare munduwar, da sabulu, suka miƙo mini.