Baƙin Mai a Jikin Garaya

Shekarun nan sun yi wuya, ba wani kwana-kwana. Ni kafinta ne a Batsari, amma lokacin da mutane ke gudu daga ƙauyuka wa zai ba ka aikin gado ko kujera? Sai in yi sati ban taɓa zarto ba. A gida kuma gayan tuwo muke ci, ran da aka samu.

Ana haka wani tsoho ya zo rumfata da garaya naɗe cikin zane. Daga wajen Runka ya gudo, shi da mutanen garinsu suna zaune a wani kango bayan kasuwa. Ya ce ran da 'yan bindiga suka shigo garinsu ita kaɗai ya iya ɗauka, sai abin da ke aljihunshi, a hanya mashin ya kayar da su, ƙoƙonta ya tsage. Mahaifinshi ya sassaƙa ta da maɗaci. Katakon ya yi santsi saboda shafar mai da hannu na shekara da shekaru.

Ya ciro 'yar kwalba daga aljihu. "Kafinta, in ka liƙe tsagar ka goge, wannan za ka shafa. Kaɗan-kaɗan, a inuwa, ka bari ya sha sannan ka ƙara. Kada ka sa mata banish ɗinku, ba ƙofar mai kuɗi ba ce."

"Baba, man gyaɗa ne fa."

"Na gonata ne. Shi ta sani."

Aikin farko na yi shi da gaskiya. Na kwaɓa gam da garin katako na cike tsagar, na ɗaure, kwana biyu ya kama. Na bi da samfefa har yatsa ba ya jin wurin.

Kwalbar ce ta dame ni. Tana kan benci, ina kallonta tana kallona. Ran nan aka dafa wake a gida, ba mai ba komai. Ba matata ta roƙa ba, kada a ɗora mata. Ni na sa kwalbar a aljihu na kai mata na ce kyauta aka ba ni. Aka zuba, muka ci. Har da ni, na kuma lashe hannu.

Sai na je wurin bakaniken da ke kusa da ni na ɗebo baƙin mai, wanda ake juyewa daga inji. Na ce a raina mai ai mai ne. Na shafa. Katakon ya yi duhu yana ƙyalli, har na ji daɗi. Kwana ɗaya man ya bi gefe ya shige cikin fatar garayar.

Da la'asar tsohon ya zo. Muka gaisa, ya zauna, ya ɗora ta a cinya. Ya taɓa tsarkiya, sautin ya fito a dushe kamar ana buga jiƙaƙƙen kwali. Ya kai ta hanci. Ya goga hannun rigarshi a jikinta, rigar fara ce, ta yi baƙi.

"Kafinta, mashin na kawo maka?"

Mutum biyu da ke zaune a rumfar suka yi dariya. Na buɗe baki zan ce haka sabon gyara yake, sai tsohon ya riga ni.

Ya dube ni, ya rage murya don kada su ji. "Yara sun ci?"

Na ce, "Sun ci, Baba."

"To madalla. Da ka faɗa mani, da na ce a ci. Ita tana iya jira. Wannan da ka ba ta ne ban san ko za ta tashi ba."

Ya naɗe ta ya tafi, bai zage ni ba. Da zagin ya yi, da na fi samun sauƙi.

Washegari bayan asuba ban buɗe rumfa ba. Na fasa kwalbar lemo na zaɓi ɓangarorin da ke da kaifi, na ɗauki guntuwar fatar akuya da na ajiye, na nufi kangon. Na same shi yana shan koko. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya ba ni ita. Ya miƙo mani. Ban koma da ita rumfa ba. Nan gabanshi na zauna a ƙasa, na kwance tsarkiya, na cire fatar, na fara kankare baƙin, ban san iya zurfin da ya shiga ba.