Turakun Gonar Mai-Jaki

Baba Mai-Jaki, kamar yadda kowa ke kiransa, an haife shi a shekarar da rijiyar unguwa ta rufta. Ya girma ya tsufa a gona ɗaya tak, wadda ya gada ba tare da takarda ba. Ko baƙo ne ya tsaya yana kallonta, sai Baba ya ɗauka ƙwace ta za a yi.

A wata damina mai ƙarancin ruwa, malamin gona ya zo a babur da igiya da turaku. Ya bayyana cewa ba za a iya auna amfanin kowace gona ba, don haka aka yi ƙuri'a, kuma ta Baba na cikin 'yan kaɗan da suka fito. A cikin gonar ma ƙuri'a ce ta nuna wurin: kan tudu, inda gero ya ƙeƙashe. Nan ya kafa turakun, ya zagaye su da igiya.

"Baba, kada ka girbe nan. Abokan aikina za su zo su yanka su auna."

"In sun tarar babu komai fa, ranka ya daɗe?"

"Sai su rubuta babu komai."

A gida Baba ya kasa cin abinci. Matarsa ta ce, "Malam, turaku ne fa, ba kabari ba. Jakinka ma a turke yake kwana, bai rame ba."

Bai yi dariya ba. A ganinsa hukuma ba ta kafa turke a banza: gonar da aka rubuta ba ta ba da komai, ƙwace ta za a yi a bai wa mai ƙarfi.

Da kaka masu awo suka yanke geron da ke cikin igiyar, suka sussuke, suka ɗora a sikeli, suka yaba masa. Daga baya labari ya iso: da aka haɗa awon gonakin aka raba, amfanin unguwar ya ɗan haura mizanin da sai an gaza kai shi ake ba da tallafin iri. Maƙwabtansu suka samu, su ba su samu ba. Ƙanensa ya sayar da awakinsa ya tafi birni, bai dawo ba.

Gonar ta ci gaba da zama a hannunsa, amma ko ƙarar babur ya ji sai ya laɓe bayan rumbu. Har ya rasu bai gaya wa kowa ba, ko matarsa, cewa ran wata kasuwa, da tsakar rana, ya tuge turakun daga tudu ya kafa su a kwari, inda ruwa ke kwanciya.