Makonni Shida da Muka Daina Karɓar Kuɗin Talla

Har yau ban manta da ranar sadakar bakwai ɗin Munzali ba, domin a ranar na yi kuskure mafi girma a aikin nan, kuma da bakina na yi shi. Ku da kuka zo daga baya kuna yawan tambayata me ya sa ba ma saka tallar aiki kyauta, ko da ta ɗan'uwa ce. Ga dalilin.

Munzali ne ya kafa wasiƙar nan tamu ta mako-mako. Shi ya karanta kwamfuta, shi ya tattaro masu rubuta manhaja na Rano da Kibiya da ƙauyukan kewaye, waɗanda da yawansu a waya suka fara koyo. Ni sakandare na tsaya, ina da shagon buga takardu kusa da tasha a Rano. Ya ce yana neman mutumin da ba ya gajiya da kiran waya, na ce ya samu. Shekara huɗu muka yi a teburi ɗaya.

Tsarin da muke kai a lokacin shi ne wanda kuka tarar. Wasiƙa tana fita sau ɗaya a mako, ta imel da ta waya: darasi gajere, labarin 'yan ƙungiya, sai guraben aiki. Mai karatu ba ya biya, mai neman aiki ba ya biya. Wanda ke neman ma'aikaci shi ke biya. Daga nan ake sayen data da fetur, a biya hayar shafinmu na intanet, a sallami mai rubuta darasi. Daga nan kuma nake samun kuɗin mota. Aikina shi ne kafin talla ta fita in kira mai ita, in sa ya faɗi albashi a fili, in kuma a Kano yake in hau mota in je in ga ofishin da idona. Sau da yawa nakan dawo in ce wa Munzali, "Wannan babu ofis, sai baki." Sai a mayar masa da kuɗinsa.

Munzali ya kwanta kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa gab da faɗuwar damina. Ba zan tsawaita a nan ba.

Ranar bakwai muna zaune a ƙofar gidansu a Rurum Tsohon Gari. Bayan an shafa addu'a, mahaifinsa Malam Ya'u ya kira sunana a gaban jama'a. Manomi ne, bai taɓa ganin wasiƙar ba, ya dai san ana samun aiki ta dalilinta.

Ya ce, "Sabi'u, abin nan da kuke yi da ɗan'uwanka, daga yau kada a ƙara karɓar kuɗin kowa. Ku mai da shi sadaka, ladan ya riƙa isa gare shi."

Mutane suka ce madalla. Wani dattijo har da hawaye. Ni na san abin ba zai ɗore ba, tun a wurin na sani. Amma na dubi fuskar tsohon, na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba."

Washegari na kira Ramlatu, 'yar Kibiya da ta karɓi rubuta darasi bayan rasuwar, na gaya mata.

Ta ce, "Malam Sabi'u, da bakinka ka ce to? Janareton da addu'a za mu riƙa tayar da shi?"

Na ce, "Ke da kina wurin me za ki ce?"

Ta ce, "To zan ce mana. Amma ni ai ba ni ce manaja ba."

Muka sanar cewa talla ta zama kyauta. A mako na farko abin ya yi daɗi, ana ta turo addu'a. A mako na uku tallace-tallace suka fi ƙarfina. Mai son a gina masa shafi a biya shi da godiya, mai neman wanda zai rubuta manhaja ya kuma tsare masa shago, duk suka shigo. Na je Kano sau biyu da kuɗin aljihuna, na uku na kasa. Sai na koma tantancewa ta waya kawai. Wanda ya iya magana ya wuce.

Cikin waɗanda suka wuce akwai wani da ya ce kamfaninsa na neman ma'aikata, amma sai an yi gwaji: kowa ya gina manhajar lissafin kayan shago cikin mako uku, wanda tasa ta fi kyau a ɗauke shi. Muryarsa a natse, har ta'aziyya ya yi mini. Na saka tallar.

A mako na shida Nasiru ya zo shagona. Magidanci ne daga Madachi, yana noma, yana rubuta manhaja, yana cikin waɗanda suka fara karanta mu. Ya zauna bai ko gama gaisuwa ba.

Ya ce, "Mutumin nan ya karɓi aikin, ya kashe waya. Na je inda ya kwatanta, wurin wankin mota ne."

Na ce, "Innalillahi. Ka ba shi komai da komai?"

"Komai. Mako uku ban leƙa gona ba. Noman farko ya wuce ni, ciyawa ta rufe gyaɗar." Sannan ya ce, "Ni fa ban yi tambaya ba ne saboda a wasiƙar Munzali na gani."

Wannan maganar ta fi zagi ciwo. A watan kuma hayar shafi za ta ƙare, babu abin sabuntawa. Na ga abin da ke gabana sarai: ko wasiƙar ta mutu, ko ta rayu tana kai mutane hannun macuta da sunan mamaci.

Washegari da hantsi na rufe shago na hau babur zuwa Rurum. Na tarar da Malam Ya'u ya dawo daga gona yana wanke ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi, aka kawo ruwa, na sha. Sannan na faɗa masa duka, ban rage ba, har da sunan Nasiru da gonarsa.

Ya ce, "Tsaya. Dama wa ke biyan kuɗin? Ba yaran da ke neman aikin ba?"

Na ce, "A'a, Baba. Masu kamfani ne. Yaran ba su taɓa biyan ko sisi ba."

"Kuma da kuɗin kake zuwa ka gano na gaskiya da na ƙarya?"

"Da shi ne."

Ya ajiye butar. Ya ce, "To don me ba ka faɗa mini ba ran nan?"

Na ce, "A gaban mutane, Baba? Ranar bakwai?"

Ya ce, "Da ka biyo ni zaure. Da ka dawo washegari. Mako shida, Sabi'u! Ka ji kunyata, ka bar bawan Allah ya yi asarar damina. Ni na yi magana a kan abin da ban sani ba, kai ka yi shiru a kan abin da ka sani. Wa ya fi laifi?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Mu biyu ne, kada ka cinye kai kaɗai." Har ya ɗan yi murmushi, na farko da na gani tun rasuwar. "Ni kaina ina sadaka da hatsi, amma ba na taɓa irin shuka. Ku koma yadda ɗan'uwanka ya tsara. Ya fi ni sanin abinsa."

Na zaci magana ta ƙare. Sai ya tambayi kwatancen gonar Nasiru. Kwana biyu bayan nan ya tara ƙannen Munzali da maƙwabta, suka ɗauki fartanyu, aka yi babura huɗu zuwa Madachi. Ni ma na je, ko da yake rabona da noma ya daɗe, kuma Nasiru bai fasa yi mini tsiya ba, wai kunya ɗaya na yi ina haki kamar na kai buhu Kano a ka. Kafin la'asar an gama. Ba duk gyaɗar aka ceto ba, amma an ceto fiye da rabi.

A wasiƙar makon na rubuta abin da ya faru da sunana, na ba da haƙuri, na ce kuɗin talla ya dawo. Wasu suka yi fushi, ɗaya ya rubuto cewa mun mai da mamaci jari. Masu neman na banza suka watse da kansu. Kamfanonin da suka saba da mu suka dawo, wani ma ya ce dama tallarsa ta ɓace a cikin tarkace, gara ya biya a gan ta. Kafin wata ya ƙare mun sabunta haya, na koma hawa mota. Nasiru ya samu aiki a shekarar, a wurin da na je na zauna na ga ma'aikatansu da idona.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Mutanenmu masu son alheri ne, kuma za su riƙa roƙonku ku yi kyauta da zuciya ɗaya. Wani malaminku ne, wani surukinku. Kada ku yi musu tsawa, kada kuma ku ce to. Ku zauna ku gaya musu wanda ke biya da abin da kuɗin ke yi. Yawancinsu ba su sani ba ne, kuma in sun sani sun fi ku tsayawa a kai.

Malam Ya'u ya tsufa yanzu, ba ya zuwa gona. Nakan je gaishe shi duk ƙarshen wata. Ba ma yawan ambaton Munzali, ni da shi. In na tashi tafiya sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ana dai biya ko?"

In ce, "Ana biya, Baba."

Ya ce, "To, Allah ya kai masa ladan."