Rabon Yaya Tursunali

Yayana Tursunali marinin alharini ne a Margilan, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin faratansa farare ba. Ƙaton mutum ne mai ƙarar dariya, wanda ko ƙwayar zabibi ba ya iya ci a gaban mutane sai ya nemi yadda zai raba ta. Kowa na sonsa. Son nan kuwa, Allah na gani, shi na fi tsana a rayuwarsa.

Tun suna samari yake da abokan zama. Duk Alhamis suna haɗuwa a gidan shayin bakin rafi su dafa osh, dafa-dukan shinkafa irin na garinmu, da hannunsu, kowa da makonsa. Ni da na tashi ina kankare tukwanen gidanmu, na san osh ɗin maza: shinkafa da karas na fita kunya ne kawai, kitsen jelar rago ake ci. In sun kusa cinyewa, mai girkin ranar ya karkata faranti man ya taru a gefe, ya tattara sauran shinkafar ta jiƙe sharkaf, ya tura a bakin wanda ya fi ƙauna. Ba a ƙin wannan lomar. Kuma ko wa ya yi girki, bakin Yaya ake nufa. Sau ɗaya na kai masa saƙo na tarar da abin: Holmat mahauci ya cusa masa yatsu har gaɓa, mai yana gangarowa zuwa gwiwar hannunsa, Yaya ya lumshe ido yana haɗiya, gemunsa na ƙyalli. Ranar ko ruwa na sha sai in ji ƙarnin rago.

Shekarar da matarsa ta rasu ciwon ƙirji ya kayar da shi a bakin tukunyar rini. A asibiti aka buɗe jijiyar da ta toshe, likita Gulcehra ta nuna mana hotonta, sak bututun wurin wanke-wanke. Ta ɗaga wata 'yar farar ƙwaya ta ce, "Baba, kullum za ka sha, har iyakar ranka. Ba kitsen cikin faranti take narkarwa ba. Hantarka take hanawa ƙara maiƙo a jini, kuma a hankali take aikinta. Ka daina, ta daina."

Yaya ya dafa ƙirji ya ce, "To 'yata, Allah ya yi miki albarka."

Na ɗauki girkinsa a kaina: miyar kabewa, dafaffen ganye, nama ba kitse. Ni ke karɓo maganin, kuma duk wata ina ganin kwalin ya ƙare, sai hankalina ya kwanta. Ina nan da sakarcina har ran da na haɗu da Inobat, matar Holmat, a wurin mai burodi.

"Sanobar, ƙwayar nan ta yayanki akwai kyau," in ji ta. "Maigidana ya ce tun da suka fara sha bayan osh, ko nauyin ciki ba ya ji."

Ban ma karɓi burodin ba na nufi marina.

"Yaya, maganin zuciyarka kake rabawa kamar alewa?"

"Ke, rage murya. Ranar da na ci kabewarki, me ƙwaya za ta wanke? Ai asara ce. Tara su nake sai Alhamis, ranar da suke da aikin yi."

"To ko Alhamis ɗin ka sha abinka kai kaɗai mana!"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarmu. "In zaro abu daga aljihu in jefa a baki, mutane na kallona? Ni ɗan gidan wa ne?"

Daga nan na wuce rumfar Holmat. Na same shi yana yanka jela, fara fat, tana rawa a kan katako, ƙudaje na shagali. Na toshe hanci da mayafi na ce ya daina ba yayana lomar nan.

"Haba ƙanwata! Kakana da cokali yake shan man jela, ya tsufa da haƙoransa cif. Likitocin nan zomaye suke so mu koma."

"Za ku kashe shi, Yaya Holmat."

"To wa zan ba? Duk garin nan wa ya kai Tursunali a wurina?" Ya faɗa idonsa cike da hawaye, ya share su da bayan hannu mai maiƙo. Da gaske yake, abin da ya fi tayar mini da zuciya ke nan.

Na koma tsare Yaya da kaina. Kullum da yamma in tsaya a kansa da kofin ruwa, sai ya haɗiye ya buɗe baki na duba, yana ce mini 'yar sanda. Jininsa ya fara kyau, likita ma ta yaba. Sai 'yata ta haihu a Namangan, haihuwar ta zo da wuya, na tafi jinya na daɗe. Ya rantse mini zai sha. Ya sha ɗin, ranar Alhamis, shi da mutanensa.

A hanyar dawowa daga gidan shayi ya faɗi, lokacin da itatuwa suka fara fure. Da na iso an riga an yi masa wanka, amma shuɗin faratansa na nan.

Ranar sadakar arba'in, osh aka yi, me kuma za a yi? Abokansa suka ce ba mai taɓa tukunyar sai su. Holmat ya kawo jelar da ban taɓa ganin irinta ba, wai don girman mamaci. Suka zauna a tsakar gida suka ci, suka yi kuka, suka lashe yatsu. Ina ɗakin girki ina kankare daskararren mai, sai ga Holmat a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Ƙanwata, Allah ya ba mu haƙuri. Na ce... ko marigayi ya bar sauran ƙwayar nan? Osh ɗin ya yi nauyi."

Akwai sabon kwali da na ajiye masa kafin in tafi Namangan, ko buɗe shi bai yi ba, Alhamis ɗin da zai raba shi ba ta zo ba. Na ɗauko na dangwara masa a tafin hannu.

Ta taga na ga yana ɓalle ƙwayoyin yana bin da'ira, kowa ya karɓa ya kora da shayi. Da ya zo kan matashin jingina da ke jikin itacen inabi, wurin zaman Yaya, ya ɓalle ɗaya ya miƙa hannu yadda ya ga ana yi. Ba kowa a wurin. Ya tsaya da ƙwayar a tsakanin yatsunsa masu ƙyalli, yana waige-waigen wanda zai ba.