Gwaggo Mai Gwangwani da Irin da Aka Ce Ta Soya

Gari na wayewa Gwaggo take fitowa, kafin a fara layin famfo. Ba ta gaida kowa sai ta zaga gwangwanayenta. Suna jere a lungun bayan gidan hayarmu, tsakanin katanga da tankin ruwa, wurin da mai gidan ya ce ba shi da amfani. Akwai gwangwanin madara, akwai na fenti, da tsohon bokiti, da buhun siminti da aka naɗe bakinsa, har da tukunyar da gindinta ya huje. Takan bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tsoma yatsa a ƙasa zuwa gaɓar farko. In da danshi, ta wuce. In babu, ta ɗauko gwangwanin da ta huhhuda da ƙusa ta yayyafa ruwa a hankali, kamar mai tsoron tada jariri. Sannan ta juya ganye ta duba bayansa, don ta ce tsutsa ba ta zama inda ido yake kaiwa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Tumatir, barkono, kuɓewa, alayyafo, yalo, duk daga iri ta tashe su. Ba ta taɓa sayar da ko tsiro ɗaya ba. Wanda ya roƙa ta ba shi, amma sai ya sha tambaya.

Gwaggo ba ta yarda da kowa ba. Wannan ba zagi ba ne, kowa ya sani. Ba ta yarda da irin kanti mai hoto a jikin leda ba. Takan ce, "Hoton za ka shuka?" Ba ta yarda da hadari ba, sai ta ga ruwa a ƙasa. Ba ta yarda da kajin maƙwabta ba, ba ta yarda da masu kajin ba. Irinta da kanta take cirewa. Tumatir ɗin da ya fi kowanne kyau ba ya shiga tukunya. Sai ta bar shi ya nuna lugub, ta matse shi a kofi, ya kwana uku, ta wanke, ta shanya a kan tsumma a inuwa, ta gauraya da toka, ta zuba a kwalba ta toshe.

Har irin nata ma ba ta sakankance da shi ba. Duk wanda ta ɗibar wa, sai ta ware ƙwaya goma daga cikin nasa ta shuka a wani ƙaramin gwangwani. Ba ta iya rubutu ba, don haka takan ɗaura alama a jiki: ƙusa ta Kafinta maƙwabcinmu, murfin kwalba na mai shago, haka. Tana kiransa gwangwanin shaida. Mutane kaɗan ne suka san da shi, don ba ta talla.

Abin da ya sa aka san ko ita wace ce, shekara shida da suka wuce ya faru, kuma a gaban idonmu.

Tela, mai shagon ɗinki a ƙofar gida, ya roƙe ta irin tumatir. Ta ƙulle masa a takarda. Wata guda ya wuce. Ran nan da safe, mata sun cika bakin famfo, sai ga shi ya shigo da abu a tafin hannu.

"Gwaggo, ina kwana. Zo ki ga abin arziki."

Ta ajiye gwangwanin ban ruwa ta zo.

"Kwana goma sha biyu da shuka, ko ɗigo bai fito ba. Ga ragowar. Shinshina."

"Ni akuya ce da zan shinshina hannunka?"

"To ni na shinshina, na kuma tauna. Ƙaurin wuta yake yi. An soya irin nan kafin a ba ni."

Famfo yana zuba, bokiti ya cika yana ambaliya, ba wadda ta janye.

Gwaggo ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza. Ta yi duhu, ta kuma bushe ƙamas. Ta kai hanci. Gaskiyarsa ce, ƙauri yake. Ba ta ce komai ba, ta koma lungunta.

Shirun nan shi ya cuce ta. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Matar Direba ta tuna alayyafonta da ya mutu bara, ta manta ruwan wanki take zuba masa. Wata ta ce dama ta lura, na Gwaggo ne kaɗai ke yin kyau. Wata ta ce ai haka masu baƙin ciki suke yi, su ba ka da fara'a su kashe shi a kasko tukuna. Aka fara cewa da ita Mai Soya Iri, a bayan idonta, da ƙarfin da za ta ji.

A lokacin tana da dashen tumatir wajen sittin, sun kai tsawon yatsa, an yi alkawarin zuwa ɗauka. Ba wanda ya zo. Wata ma ta dawo da wanda ta karɓa, ta ajiye a ƙofar ɗakinta ba sallama. Dashe kuwa ba ya jira. Suka yi tsawo, suka sirance, ganyen ƙasa ya fara rawaya. Kullum tana kallonsu, ba ta da wurin da za ta kai su.

Sunanta ne a ƙasa, kuma ba ta da wata dukiya bayan shi.

Kanta ta fara tuhuma. Ta ce ko ta shanya irin kusa da murhu ta manta. Ta je ta nemo gwangwanin shaida mai maɓalli a jiki, na Tela. Takwas cikin goma sun fito, kore shar. To ba daga kwalbarta ba ne. Sai ta koma kan matar Tela, ko ita ta yi, don ba ta son ƙasa a tsakar ɗaki. Daga nan ta koma kan Tela kansa. Ta tuna ta taɓa ce masa hannun rigar da ya ɗinka mata ɗaya ya fi ɗaya, a gaban mutane. Ta ce ƙila shi ya soya da gangan don ya rama. Kwana biyar tana juya wannan, tana kallon kowa ta gefen ido.

A rana ta shida ta ɗauki gwangwanin ta dire shi a bakin famfo, ta aika a kira shi.

"Ga ɗan'uwan irinka. Rana ɗaya, kwalba ɗaya. Ga maɓallinka a jiki."

Tela ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Gwaggo, maɓalli ai ko'ina akwai. Ni kaina ina da gwangwani cike. Wa ya ga lokacin da kika ɗaura?"

Mata suka yi guna-guni. Gwaggo ta tsaya tana kallonsa. Ba ta ji haushi kamar yadda aka zata ba. Ta san da ita ce a matsayinsa, abin da za ta tambaya ke nan.

Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar gaba ɗaya.

"Ɗiba da hannunka."

Ya ɗiba.

"Ran da na ba ka na farko, ran nan ka shuka?"

"Aiki ya yi mini yawa. Sai bayan mako biyu."

"Mako biyun nan, a ina ya kwana?"

"A inda nake ajiye duk abin da nake ji da shi. Ko ɓera bai san wurin ba."

"Mu je ka nuna mini."

"Wato yanzu ni ake bincike?"

"Kai ka fara. Mu je."

Muka bi su, da Kafinta, da matar Tela tana ɗaure da zane, da wasu mata biyu da suka bar bokitansu a layi. Shagon ƙarami ne. Keke a bakin ƙofa, yaduka a rataye, ƙyallaye a ƙasa. A kusurwa ga teburin guga an shimfiɗa masa tsohon bargo ninki biyu, dutsen guga yana zaune a kai cike da garwashi.

Tela ya ɗauke dutsen, ya ɗaga gefen bargon da alfahari. A ƙarƙashi takardu ne shimfiɗe, na awon mutane, wuya da ƙirji da tsawon hannu. Duk sun yi ja, wasu gefensu ya ƙone.

"Nan. Ba danshi, ba ƙwaro, ba mai taɓawa."

Gwaggo ta ɗora tafin hannu a kan katakon. Ta ɗauke.

"Sa naka."

Ya sa. Bai daɗe ba ya janye.

Kafinta ya yi gyaran murya. "Tela, sau nawa kake guga a rana?"

Matarsa ce ta amsa. "Daga safe har yamma. Yana yi yana fesa ruwa." Ta juya ta dubi mijinta. "Baban yara, mako biyu kana yi wa iri guga. Ko riga ce ai da ta ƙone."

Ba wanda ya yi dariya sai da Kafinta ya fita waje. Daga can muka ji shi.

Tela mutum ne mai taurin kai. Bai ba da haƙuri ba. Ya ce, "Sai na gani." Gwaggo ta ce haka ya kamata. A take ta sa shi ya cika gwangwani da ƙasa, ya shuka irin da ya ɗiba a kwalba, ta nuna masa zurfin, bai wuce faɗin farce ba. Ta ce ya ajiye a ɗakinsa, ya kulle in yana so, kada ta ko leƙa. Kwana shida tsiro ya fasa ƙasa.

Tela ya same ta a lungu yana ba ta haƙuri ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ba a nan ka zarge ni ba." Washegari da safe ya tsaya a bakin famfo, a gaban matan nan, ya ce shi ya ƙona irinsa da hannunsa, ya yi wa baiwar Allah ƙazafi, ta yafe masa. Ta ce ta yafe. Ta ƙara da cewa ita ma ta zarge shi da abin da bai yi ba, ya yafe mata. Ba wanda ya tilasta ta faɗin wannan, don ba wanda ya sani.

Dashen nan sittin, rabi sun riga sun lalace. Matar Direba har ta tashi daga unguwar ba ta sake sallama a ƙofarta ba. Ba komai ne ya gyaru ba. Amma daga ranar duk mai karɓar iri sai ya tsaya ya ga an ɗaura alamarsa, kuma gidajen da ke tsinkar ganye a bayan ɗaki suka ninka.

Gwaggo, ke ce kika mai da lungun shara wurin da ake zuwa kallo. Ke ce wadda ran da abin miya ya gagari mutane a kasuwa, aka ci da barkono a gidan nan ba a roƙi kowa ba. Ke ce kika koya wa mai jego shuka alayyafo a tsohon baho, kika koya wa tsoho mai ciwon ƙafa yin dashe yana zaune. Ba ki iya daɗin baki ba. Kin ishe mu da tambaya, kin kore mana kaji, kin ce da wasunmu ragwaye, kuma ba ki yi ƙarya ba. Uwar dashe, mai hannun tsiro. Ban saba yabon mutum ba, iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Yanzu gwiwa ta ƙi. Tsuguno ya gagare ta, ido ma ya fara gaza ganin bayan ganye. 'Yarta za ta ɗauke ta zuwa gidanta, hawa na uku, inda babu ƙasa sai ta shara. Kwalaben iri goma sha ɗaya ne. Kowa ya ɗauka matar Kafinta za a bar wa, don ita ce kullum cikin yaba ta.

Makon jiya ta sa aka kira Tela. Ta jera kwalaben a kan tabarma.

"Kwashe."

"Ni? Gwaggo, ko kin manta ko ni wane ne?"

"Don ban manta ba na kira ka. Matar Kafinta duk abin da na ce sai ta ce haka ne. In iri ya mutu a kwalba, sai ta shekara tana raba wa mutane ba ta sani ba. Kai kuwa kana taunawa."

Tela ya tsuguna. Ya ɗauki kwalbar kuɓewa ya ɗaga ta wajen haske, ya girgiza, ya daɗe yana kallo.

"Wannan na wace shekara ne?"

"Na bana."

"Wa ya shaida?"

Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ƙirji. Shekara talatin da ɗaya muna gida ɗaya, ran nan muka san tana da wushirya.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki, ya sassauta gwiwar, ya sa ki gama lafiya.

Ku kuma masu karanta wannan, kada ku ce ba ku da fili. Ita ma ba ta da shi. Ku nemi gwangwani, ku huda gindinsa, ku shuka abin da za ku ci, ku cire iri ku ba wani. In bai fito ba, ku fara bincikar ɗakinku kafin ku kai ƙara bakin famfo.

Motar 'yarta za ta zo ranar Asabar da hantsi. Duk wanda ya san ya ci daga lungun nan, ya fito ya taya ta ɗaukar kaya.