Rariyar Pak Shukor

Duk safiyar da ruwa ya janye, kafin jiragenmu su dawo daga laka, Pak Shukor na zaune a gadar katako da rariyarsa ta ƙarfe da kofin shayi. Shi hukumar kamun kifi ta turo ƙauyenmu a gaɓar Perak, kuma a watan nan zai ajiye aiki. Kerang, ƙumbar tekun da muke tonowa, ita yake zubawa a rariya. Wadda ta faɗa ta rami ba ta isa girma ba, teku za ta koma.

Mijina Rosdi, da ya rasu bana, Allah ya ji ƙansa, ya fi kowa tsokanarsa. Yakan ce, "Pak, ko matarka sai da ka tankaɗe ta kafin ka aura?" Shi kuwa ya ce ai shi ya sa ya samu babba.

Wata shekara masu manyan jirage suka kai ƙara kotu, wai dokar teku ba ta ba hukuma hurumin yanke girman kerang ba. Alƙali ya dakatar da ƙa'idar har ya bincika. Ban yi boko mai nisa ba, amma na gane: in aka kwashe ƙanana, baɗi laka ce zalla, mu kuma ba mu da gona.

Washegari Pak Shukor ya zo ba kaki, da zanen gida. Ya faɗa wa kowa gaskiya, cewa yanzu ba shi da ikon taɓa kwandon mutum. Ya ajiye rariya gefe, ya ci gaba da shan shayinsa. Rosdi ya tsaya kansa.

"Yau ba ka da iko ke nan?"

"Ko kaɗan."

"To miƙo rariyar, ni ina da shi."

Rosdi ya tankaɗe kwandonsa yana mita, mutane na dariya, suka bi layi. Ma'aikatan manyan jiragen ma 'ya'yanmu ne, kunya ta hana su wucewa gaban iyayensu da ƙananan kerang. Haka aka yi ta yi har kotu ta ce ƙa'idar tana kan doka. Ranar mun dafa kerang da barkono, Pak ya ci har ya kwance ɗamara.

Pak Shukor, kai ne mai haƙurin gaɓa. Ka sha zagi ba ka rama ba, ba ka taɓa tafiya gida da kwandon kowa ba. Kai ka ɗauki makarar Rosdi ta gaba, na gani da idona.

Na gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Wanda za su turo a madadinka ya koyi zama da mutane kafin ya koyi kama su. Ni dai tun da na fita takaba nake shiga laka da kaina, kwandona cike yake dawowa, ban roƙi kowa shinkafa ba.