Bangon da Manusos Ya Tura Cikin Lungu

Yayana Manusos magini ne, kuma duk maganar da aka yi masa da igiyar awo yake auna ta. A tsibirinmu kalma ɗaya ce ga matsewar wuri da matsewar zuciya, wato ƙunci. Kowa yana gane wanda ake nufi, ban da shi.

Daga wani tsibiri ya auro Argiro. Ba ta da kowa a nan, shi kuma in ya dawo aiki sai ya ci wake da zaitun ya kwanta. Wata rana ta ce, "Manusos, ƙunci zai kashe ni a gidan nan."

Ya rushe bangon ɗakin girki, ya sake gina shi cikin lungun da gidajenmu ke fita ta ciki, wanda da ma da ƙyar jaki ke wucewa.

Maƙwabciyarsu Evlambiya ta leƙo ta taga. "Sannu magini! Ka bar mana hanyar kyanwa, mun gode."

"Rage cin burodi, za ki wuce."

Na ce, "Yaya, ba ɗaki take nufi ba."

"Don kin yi makaranta kin fi ni sanin matata?"

Argiro ta yi masa godiya, ba ta ƙara ambaton kalmar ba. Ta tsufa ita kaɗai a ɗaki mai faɗi.

Da ta rasu, aka ɗauko ta zuwa coci a buɗaɗɗen akwati kamar kowa, furanni a ƙirjinta. Daidai bangon nan, akwatin ya cije a lungun. Masu ɗauka suka karkata shi, furannin suka zube, kanta ya langaɓe gefe. Fada, limamin coci, ya katse addu'a. Ni kuwa ƙasa nake kallo, don sunan gidanmu ɗaya da shi.

"Ku koma da ita baya," in ji Manusos.

Ya tuɓe baƙar kwat ɗinsa ya rufe mata fuska saboda ƙura, ya ɗauko guduma. Duk gari na tsaye da kyandir a hannu har ya fasa hanya.

Bai sake gina bangon ba. A nan yake cin wakensa, mai wucewa na ganinsa. Jiya na ce, "Yaya, ya jiki?"

Ya ce, "Ƙunci."